Masu toshe bakin mai li'irabi: a kan haɗiye kuskure wajen karanta fayil na XML

Wata ɗabi'a ta yi katutu a tsakanin masu rubuta ƙananan manhajoji domin nazarin harshe, kuma ta isa a fito a yi magana a kanta ba tare da rufa-rufa ba. Ɗalibi zai tara dubban kalmomi a fayil na XML, ko ya rubuce hirarrakin da ya naɗo daga bakin dattawa, sai ya zo karanta fayil ɗin da ƴar manhajar da ya rubuta, ko wadda wani aboki ya rubuta masa. Manhaja ta tsaya cak, ta fito da jan rubutu tana cewa akwai matsala. Maimakon a bi sawun matsalar, sai a shiga neman dabarar da za ta sa manhajar ta yi shiru. A harshen Python layi biyu sun wadatar: a rubuta except, a ƙarƙashinsa a rubuta pass, wato kowane irin ƙorafi ya taso a cafke shi, a jefar, a wuce. A PHP ma alama ɗaya ce tak, @ a gaban umarni. Jan rubutu ya ɓace, hankali ya kwanta, aka ce an gyara.

Ba a gyara komai ba. Bakin mai kururuwa aka toshe, ɓarawo kuwa yana nan cikin gida.

Kada ɗalibin Hausa ya ɗauka wannan magana ta injiniyoyi ce kawai. Manhajar ELAN, wadda cibiyar Max Planck da ke Nijmegen ta samar, kuma ake amfani da ita wajen rubuce magana daga sauti da bidiyo, a XML take ajiye aikinta. Manhajar FLEx ta ƙungiyar SIL tana fitar da ƙamus a tsarin LIFT, shi ma XML ne. Ƙa'idojin TEI, waɗanda masu adana tsofaffin rubuce-rubuce ke bi, a kan XML suka zauna. Hatta fayil na Word mai ƙarewa da docx, idan aka kwance shi, tarin XML ne a ciki. Duk wanda ya ce zai ƙirga kalmomi, ko ya ware aikatau daga matani, ko ya juya ƙamus daga wani tsari zuwa wani, ko ba jima ko ba daɗe sai ya haɗu da ƙorafin XML.

Tsarin kansa ba baƙo ba ne ga wanda ya yi nahawu. Kowace gaɓa tana da alamar buɗewa da alamar rufewa, ƙarama tana cikin babba, duka kuma suna rataye a jikin tushe guda. Wanda ya taɓa zana bishiyar li'irabi, ya raba jimla zuwa yankin suna da yankin aikatau, ya riga ya san siffar abin. Ɓangaren manhaja da ke karanta fayil ya gina wannan bishiya shi ya dace a kira mai li'irabi. Aikinsa ke nan, kuma idan ya tarar da reshen da aka buɗe ba a rufe ba, ko harafin da bai halatta ba, sai ya tsaya ya kai ƙara.

Tsayawar nan da gangan aka gina ta. A shekarar 1997, lokacin da ake tsara XML, an yi zazzafar muhawara tsakanin masu son sassauci da masu son tsanani. Masu sassauci suna da hujja mai nauyi: tun a 1980 Jon Postel ya shimfiɗa wa masu gina intanet ƙa'idar cewa mutum ya tsananta wa kansa a kan abin da yake aikawa, ya sassauta a kan abin da yake karɓa. Masu tsanani kuwa, cikinsu har da Tim Bray, ɗaya daga cikin editocin ƙa'idar, sun nuna abin da sassauci ya haifar a HTML, inda kowace manhajar buɗe shafi take cankar abin da marubuci yake nufi ta hanyarta, har shafi guda ya riƙa fitowa da fuska daban-daban. Masu tsanani suka yi rinjaye. Da ƙungiyar W3C ta fitar da XML 1.0 a ranar 10 ga Fabrairun 1998, ta wajabta cewa da zarar mai li'irabi ya gamu da kuskure mai kisa, dole ya sanar, kuma ba shi da izinin ci gaba da miƙa bayanai kamar babu abin da ya faru. An yarda masa ya ci gaba da duba fayil domin ya tono wasu kurakuran. Abin da aka hana shi shi ne canka.

To, wanda ya rubuta except da pass ya rushe wannan katanga da hannunsa. Ya ma fi masu sassaucin 1997 ɓarna, domin su cewa suka yi a yi ƙoƙarin fahimtar fayil mai rauni. Shi kuwa cewa ya yi a manta an taɓa ganin raunin.

Ɓarnar tana da matakai. Na farko, except wanda ba a ambaci irin ƙorafin da ake jira ba yana kama kowa da kowa. Fayil ne ba ya nan domin an yi kuskuren suna? Ya kama. Ma'adanar kwamfuta ce ta cika? Ya kama. Mai manhajar ne da kansa ya rubuta sunan wani abu ba daidai ba? Ya kama. Har umarnin da mutum ke bayarwa daga allon rubutu don ya dakatar da aiki, shi ma yana haɗiye shi. Cututtuka huɗu mabambanta sun koma shiru iri ɗaya, kuma ranar da aka zo bincike babu ta inda za a kama bakin zaren. A ɗauka ɗalibi yana da fayiloli 60 na hirarraki, 9 daga ciki suna da rauni. Manhajarsa za ta tsallake taran nan, ta ƙirga 51, ta fito da jadawali mai kyan gani. Zai rubuta a kundinsa cewa wata siffar aikatau ba ta cika fitowa a karin harshen wani gari ba, alhali hirarrakin garin ne aka zubar, domin duk mutum ɗaya ne ya buga su a kwamfuta guda mai matsala guda. Babu wanda ya yi niyyar ƙarya, amma ƙarya ta shiga kundi, da sa hannun mai dubawa.

Mataki na biyu ya fi shafar Hausa kai tsaye, kuma ya fi ban takaici. Haruffa masu ƙugiya, ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, suna da gurabensu a Unicode: ƙ tana U+0199, ɗ tana U+0257, ɓ tana U+0253, ƴ kuma U+01B4. A tsarin UTF-8, wanda XML ke ɗauka idan fayil bai ambaci wani tsari ba, kowanne daga cikinsu bayit biyu ne. Tsofaffin tsare-tsare irin su Windows-1252 ba su san su ba sam. Idan aka karanta ƙ da idon Windows-1252, bayit ɗinta biyu, C6 da 99, sai su fito a matsayin Æ™, shi ya sa ake ganin ƙasa ta zama Æ™asa a wasu takardu. Idan aka juya lamarin, wato aka adana fayil a Windows-1252 aka ce wa mai li'irabi UTF-8 ne, nan take zai tsaya a kan é ta farko da ya tarar. Masu haɗa ƙamus na Hausa da Faransanci a Nijar da Kamaru da Cadi sun fi kowa sanin wannan tuntuɓe. Haka lanƙwasasshiyar alhamza da Word ke sakawa da kanta: a Windows-1252 bayit 92 ce, kuma a UTF-8 babu harafin da ke farawa da ita.

Ƙorafin mai li'irabi a nan gaskiya ne tsantsa: fayil ya ce shi abu kaza ne, alhali ba shi ba ne. Maganin kuwa sananne ne, a gano ainihin tsarin da aka adana shi, a juya shi zuwa UTF-8 sau ɗaya. Amma shawarar da ke yawo a hannun ɗalibai ita ce a wanke fayil, a mayar da shi ASCII tare da umarnin ignore, wanda ke zubar da duk harafin da bai gane ba. Mai li'irabi ya daina kuka, gaskiya ne. Sai dai a duba abin da ya rage. Ɗaya ta zama aya. Ƙaya ma ta zama aya. Aya kuma tana nan a ayarta. Kalmomi uku sun narke sun zama guda, kuma babu manhajar duba rubutu da za ta ɗaga gira, domin aya kalma ce ta Hausa. Ɗan ya zama an. Ɗa ya zama a. Mafi muni, ƙi ta zama i, wato wanda ya ƙi an mayar da shi mai amsawa. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Da ma umarnin replace aka bayar, aƙalla da an bar tabo a gurbin harafin, wanda ido zai gani ya yi tambaya. Tsofaffin masu kwafar littattafai da hannu sun fi wannan amana: idan suka tarar da gurbi a asali sukan bar fili su yi alama cewa haka suka same shi.

Ita ma alhamza tana da nata tarkon, ko da tsarin haruffa daidai yake. A XML ana iya kewaye ƙimar sifa da alamar zance guda ko biyu. Wanda ya zaɓi guda, sannan ya rubuta kalmar kamar yadda ake rubuta ta a Nijeriya, 'ya'ya, ya rufe ƙimar tun kafin ya fara ta. Mai rubuta ƴaƴa irin na Nijar ya tsira daga wannan, amma sa'a da ma'ana da jama'a suna jiransa. Sai alamar &, wadda XML ta keɓe wa kanta. Sunaye biyar kawai ta sani tun asali: amp, lt, gt, apos da quot. Wanda ya kwafo matani daga shafin intanet ɗauke da &nbsp; zai ji ƙorafi, domin wannan ta HTML ce. Kowanne daga cikin waɗannan gyaran minti ɗaya ne ga wanda aka gaya masa layin da abin yake. Ga wanda ya toshe bakin mai gaya masa kuwa, aikin mako ne, idan ma ya taɓa lura.

Masu wannan ɗabi'a suna da hujjoji, kuma ba dukansu ne na banza ba.

Suna cewa shigarwa ɗaya mai rauni bai kamata ta tsayar da aikin dubu huɗu ba. Wannan magana ce mai kyau, amma ba ta kai inda suke so ta kai ba. Babu wanda ya hana manhaja ta tsallake fayil ta ci gaba da sauran. Sharaɗin shi ne ta rubuta sunan wanda ta tsallake, da dalili, da layi, kuma a ƙarshen aiki ta faɗi a fili cewa ta karanta 51 ta kasa 9. Cafke ƙorafi halal ne. Binne shi ne laifi. Haka zancen yake game da lxml, wadda ke da zaɓin recover ga mai son a lallaɓa fayil mai rauni. Idan aka kunna shi, mai li'irabi yana iya zubar da abin da bai gane ba, ko ya rufe gaɓa a inda ya ga ya dace. Amma lxml ba ta ɓoye abin da ta yi, tana tara shi a error_log. Wanda ya kunna recover bai buɗe wannan kundi ba, shi ya zaɓi makanta, kada ya ɗora wa kayan aiki.

Suna kuma cewa saƙonnin kuskure ba sa fahimtuwa, ko an karanta ba a ƙaruwa. A nan dole a yi adalci: idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mai aiki da Java ya san saƙon nan, Content is not allowed in prolog, a layi na 1 gurbi na 1. Mutum ya buɗe fayil, ya zura wa layin farko ido, bai ga komai ba. Sau da yawa abin da ke wurin bayit uku ne da ido ba ya gani, EF BB BF, waɗanda wasu manhajojin rubutu ke liƙawa a goshin fayil. Wani lokaci kuma abin da aka miƙa wa mai li'irabi ba XML ba ne sam. Saƙon bai ambaci ko ɗaya ba. Sannan lambar layin da ake bayarwa tana nuna inda mai li'irabi ya farga ne, wanda ba lallai ya zama inda aka yi kuskuren ba. Gaɓar da aka manta ba a rufe ba a layi na 40, mai yiwuwa sai a layi na 900 za a ji kukanta, lokacin da wata alamar rufewa ta zo ba ta dace da abin da ake jira ba. Duk wannan gaskiya ne. Amma saƙo mai duhu ƙarin bayani yake bukata daga mai manhaja. Shi kuwa sai ya ɗauki saƙon da ke da layi da gurbi, ya jefar, ya buga wa mai amfani "an sami matsala". Wace matsala? A wane fayil? Ɗaliba ta zo ofis ta ce, "Malam, ya ƙi yi," malam ya tambaye ta me ya ce, ta ce bai ce komai ba. Ba laifinta ba ne. Wani ne ya karɓi cikakken bayani ya miƙa mata fanko.

Bayanin kuwa yana nan a ajiye, kyauta. A Python ƙorafin ParseError yana ɗauke da position, wato layi da gurbi. Sai dai a tuna cewa Expat, mai li'irabin da James Clark ya rubuta wanda Python ke jingina da shi, yana ƙirga layi daga 1, gurbi kuma daga 0. A Java SAXParseException tana ba da lambar layi da ta gurbi. A PHP, idan aka kunna libxml_use_internal_errors, ana karɓo jerin kurakuran duka ta libxml_get_errors. Rahoton da ya amsa sunansa ba ya wuce abubuwa kaɗan: sunan fayil, layi da gurbi, ainihin saƙon mai li'irabi ba tare da an taɓa shi ba, da kwafin layin da ake zargi tare da na gabansa da na bayansa. Idan mai manhaja yana son ya naɗe ƙorafin a cikin nasa bayani na Hausa ko Faransanci, madalla, amma ya ɗaura na asalin a jikinsa, kamar yadda Python ta tanadi raise tare da from, Java kuma ta tanadi miƙa sanadi ga sabon ƙorafi. Mai fassara ba ya ƙona asali don ya gama fassara.

Hujja ta uku ita ce ta tsaro, cewa bai kamata a baje wa kowa cikin manhaja ba. Ga manhajar da ke karɓar fayil daga jama'a ta intanet, wannan daidai ne. Saƙon da ke tona sunayen manyan fayiloli da hanyoyinsu kyauta ce ga mai mugun nufi. Sai dai maganin shi ne a raba rahoto biyu, gajere ga baƙo, cikakke a kundin mai gida. Tsaron ma kansa yana bukatar kunne. Akwai sanannen hari da ake yi da ɗan ƙaramin fayil, inda suna guda ke kiran wani sau goma, shi ma ya kira wani sau goma, har a kai kwafi biliyan ɗaya, ma'adana ta cika. Masu li'irabi na zamani suna tsayawa su yi ƙara idan suka ga haka. Wanda ya saba haɗiye kowace ƙara ba zai taɓa sanin an kawo masa hari ba.

Akwai kuma shirun da ba mai manhaja ne ya ƙirƙira ba, wanda ya fi wuyar kamawa. XML ta bambanta fayil mai kyan ƙira da fayil mai inganci. Na farko ya bi dokokin buɗewa da rufewa ne kawai. Na biyu ya kuma bi tsarin da aka gindaya masa, misali cewa kowace shigarwar ƙamus sai da kalma da ajinta da ma'anarta. Jimla tana iya cika sharuɗɗan nahawu ta kasance ba ta da ma'ana, haka fayil. A tsarin SAX na Java an raba ƙorafi gida uku, gargaɗi da kuskure da kuskure mai kisa, kuma DefaultHandler, wanda yawancin masu koyo ke gada, ba ya yin komai a kan biyun farko. Saɓa wa tsari kuwa a gida na biyu yake faɗawa. Ke nan mutum zai iya kunna binciken inganci, fayil ya faɗi jarrabawa sau ɗari, shi kuma bai ji ko tari ba. Irin wannan ne ke faruwa da fayilolin TEI a Python. Gaɓoɓinsu suna ƙarƙashin wani sararin suna, kamar yadda mutum ke da sunansa da na gidansu. Wanda ya nemi entry da sunanta tsura, bai haɗa da na gidan ba, findall za ta dawo masa da jeri fanko, babu ƙorafi, babu gargaɗi. A wurin manhaja, ba a sami komai ba amsa ce ingantacciya. Mai bincike ne kaɗai ya san cewa ƙamus mai shigarwa sifili ba ƙamus ba ne, don haka shi ya wajaba ya rubuta layin da zai tsayar da aiki idan ƙirga ta fito haka.

Farautar kuskuren kanta ba ta da wani sirri. Kafin a zargi manhaja, a gwada fayil shi kaɗai da xmllint, ƙaramin kayan aiki da ke zuwa tare da libxml2. Idan ya yi ƙara, matsalar tana cikin fayil, idan ya yi shiru, a koma kan manhaja. Idan layin da aka nuna ya yi kama da lafiyayye, a duba shi bayit bayan bayit, domin XML 1.0 ta haramta duk haruffan sarrafawa da ke ƙasa da U+0020 ban da uku, kuma irinsu sukan maƙale a matanin da aka kwafo daga PDF ba tare da an gan su ba. Idan fayil ya yi girma, a riƙa cire rabin shigarwar ana sake gwadawa. Shigarwa 4,000 ba ta wuce yanka 12 kafin a ware mai laifin. Idan an kama ta, a ajiye ta a gefe a matsayin gwaji, domin duk ranar da aka taɓa manhajar a tabbatar har yanzu tana kuka a inda ya kamata.

Kaso mafi girma na laifin yana wuyan masu duba kundaye. Suna tambayar ɗalibi garuruwan da ya je, da shekarun waɗanda ya yi hira da su, da irin na'urar da ya naɗi sauti, amma da wuya a ji wanda ya tambayi fayiloli nawa suka shiga manhaja, nawa suka fito. Tambayoyin ba su da tsada. A nemi ɗalibi ya kawo adadin shigarwar da ke cikin fayil da adadin da manhaja ta ƙirga, a ga ko sun yi daidai. A nemi kundin kurakurai, ko da fanko ne, a rataya shi a bayan aikin. Sannan a sa shi ya nemo ƙ da ɗ da ɓ a cikin sakamakon da ya fitar, a gaban mai dubawa. Idan matani mai kalmomi dubu goma ya fito babu ƙugiya ko ɗaya, a ajiye jadawalin a koma kan fayil na asali.